Lacca kan BIM: a haɗa ɗaliban gini a kan aiki ɗaya

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu malamai, ƙannena ɗalibai, na gode da wannan dama.

To, abin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne BIM, wato Building Information Modelling, wata manhaja ce, da zarar yaro ya buɗe Revit, manhajar zanen gini, ya ja bango ya sa taga ya juya ginin a 3D shikenan sai a ce ya iya BIM. A'a wallahi. Revit kayan aiki ne kawai, shi ma kamfanin Autodesk sayensa suka yi a 2002, ga kuma ArchiCAD na kamfanin Graphisoft can ƙasar Hangare wanda ya riga shi tun shekarun 1980. Shi BIM gini ne guda ɗaya a cikin kwamfuta da kowa ke aiki a kansa, kuma kowane abu a ciki yana ɗauke da bayaninsa. Ka taɓa bango zai gaya maka bulo mai inci 9 ne ko inci 6, tsawonsa kaza, filasta kaza zai ci, in akitek ya matsar da shi take fulan ya canza, lissafin bulo ya canza, mai kwantiti, wato mai lissafin kaya da kuɗin gini, ba sai ya sake aunawa da rula ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a sait ya san abin nan, an zuba dekin ya bushe sai ga fulamba da guduma da cizil yana fasawa don ba a bar wa bututu hanya ba, wani lokacin har rodi ake yankewa, kuɗin mai gini ya tafi ƙarfin ginin ma ya ragu. A manhajar Navisworks kana haɗa aikin akitek da na injiniya da na mai ruwa da wuta zai nuna maka inda suka yi karo tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Amma ta ina za a ga karon in kowa na ɗakinsa? Nan ne damuwata. Ɗalibin akitekca na sutudiyonsa, na sibil yana wata fakwalti daban, na kwantiti da na bildin kowa da lakcarsa, sai su gama digiri ba su taɓa zama a tebur ɗaya ba, sannan a sait a ce su fahimci juna. Ingila tun 2011 gwamnatinsu ta sanar cewa daga 2016 ayyukan ginin gwamnatin tsakiya sai da BIM. Ƙa'idar duniya ta aikin BIM, ISO 19650, da ta fito a 2018 kuwa in ka duba ta ba zane take koyarwa ba, maganarta wa zai kawo wane bayani, yaushe, wa zai duba, a ina za a ajiye.

Na san za a ce babu wuta, laftof ɗin yara ba ya ɗaukar Revit, gaskiya ne kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Sai dai Autodesk na ba ɗalibai lasisi kyauta, akwai Bonsai, kayan aikin BIM da ke aiki a kan manhajar Blender, shi ma kyauta, sannan tsarin IFC yana sa a yi musayar aiki ko da manhajar ba ɗaya ba ce. Kuma kar a bar zanen hannu da zuwa sait, yaron da bai taɓa ganin yadda ake ɗaure rodi ba abin da zai zana a kwamfuta ba zai ginu ba komai kyansa.

Roƙona ga shugabannin sassa, a aji uku ko huɗu a ware firojet ɗaya, ko da ƙaramin asibitin unguwa ne ko bulok na azuzuwa uku, a haɗa ɗalibi ɗaya daga kowane sashe su yi shi tare har zango ya ƙare, malaman sassan su zauna tare su duba. Makin kuma kar ya tsaya a kyan hoto, a tambaye su karo nawa suka gano, wa ya gyara, kuma bil ɗin mai kwantiti ya yi daidai da abin da ke cikin ginin ko bai yi ba.