"Don Allah Kada Kowa Ya Ji": Lacca Ga Iyayen Ɗaliban Jami'a

Wani tsohon ma'aikacin jinya ne ya gabatar da wannan lacca ga taron iyaye a Garwa, a arewacin Kamaru. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena maza, iyayena mata, malamai, sannunku da zuwa.

Na daɗe ina aikin jinya, amma akwai daren da har yau bai fita raina ba. Samari uku suka kawo abokinsu a kan babur, jikinsa na ta fizga, kumfa na zuba daga bakinsa, ya ciji harshensa har jini. Ɗalibin jami'a ne, hutu ya zo. Da muka laluba aljihunsa sai ga katin ƙwaya, an ɓalle shida, saura huɗu. Mahaifinsa ya iso da carbi a hannu, ya ce iska ce ta buge yaron. Na nuna masa katin. Wallahi abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne: "Don Allah kada kowa ya ji." Sai daga baya ya tambaye ni ko yaron zai tashi.

Ƙwayar nan ita ce tramadol, wadda yaranmu ke kira tramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangi ɗaya da kodin. Ta asibiti miligiram 50 ce ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini guda, ko ga babban mutum. Wadda ake sayarwa a tasha da kan tebur kuwa 120 ce, ko 225, har da 250. Ku lissafa da kanku: ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haura iyakar yini. Akasarinta daga Indiya ake kawowa, ta sauka a tashoshin jiragen ruwa, ta biyo iyakoki ta iso mu. Idan ta yi yawa tana kawo farfaɗiya, tana danne numfashi, balle a haɗa ta da giyar nan ta leda. Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ku da kuke zuwa kasuwannin kan iyaka kun san hani bai tsayar da fatauci ba.

Yaro ba ya farawa don yana son lalacewa. Jarrabawa ce ta matso, aboki ya ce jefa wannan a kofi, za ka kwana kana karatu. Wani yunwa yake kashewa da ita. Wani acaɓa yake yi da yamma don ya biya kuɗin haya, bayansa ya riƙe.

An kafa jami'ar Ngaundare a 1993, ta Marwa a 2008, tamu ta Garwa a 2022. Alhamdu lillahi, 'ya'yanmu sun shiga. To amma ɗan shekara 18 da bai taɓa kwana a waje ba, mun ɗauke shi mun ajiye a ɗakin haya a Dang, inda jami'ar Ngaundare take, nesa da gari, nesa da kowa nasa. Ƙarshen wata mu tura Orange Money, mu buga waya: "Ya shiga?" Ya ce ya shiga. Hirar ke nan. Alhaji, wa yake kwana ɗaki ɗaya da ɗanka? Ka san sunansa? Ka taɓa taka ƙofar ɗakin?

Ku je. Kada ku sanar, ku je da ƙullin garinku da man gyaɗa, ku zauna a kan katifarsa. Idan ya zo hutu ku sa ido: yawan susa, gumi ba dalili, barcin rana, abinci ya koma kicin yadda aka kawo shi, waya ta ɓace yau, gobe ana neman kuɗin takardu. 'Yan mata ma suna ciki, kada ku ce tawa mace ce.

Iyaye mata su suke fara gani, na sani. Hajiya ta gani ta yi shiru, don ta san in Malam ya ji, duka ne da kora. Malam, in ka kore shi, ina zai kwana? Wurin mai sayar masa zai kwana. Allah cewa ya yi mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma ba a tsaron abin da aka jefar waje.

Wani abu kuma da nake roƙon ku riƙe: wanda jikinsa ya saba da tramol, in aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa rana ɗaya, zai sha azaba, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, kuma da ya samu ƙofa zai koma. Likita ne ke rage masa kaɗan-kaɗan. A yi addu'a, a sha rubutu, ni ma ina yi wa nawa, amma a haɗa da asibiti. Mu ma manya, mu daina aiken yara wurin mai tebur su sayo mana maganin gajiya. Hanyar da muka nuna musu ke nan.

Na ga Hajiya a can baya ta ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata abin magana.