Zaɓen mai hoto idan ka gama ƙawata gida a Landan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga Landan. Ku dubi falon nan da nake tsaye a ciki. An gama fenti, an rataye labule, kujeru sun iso. Jibi za a miƙa wa masu gida makulli, daga nan mai kwalliyar ba zai sake samun ɗakin nan yadda yake yau ba. Yara za su shigo, a kafa talabijin, a jingine keke a bakin ƙofa. Hoto ne kawai zai rage masa da zai nuna wa mai son ba shi aiki gobe. Shi ya sa maganarmu ta yau kan zaɓen mai hoto ce, musamman ga 'yan uwanmu maza da mata da suka shiga sana'ar ƙawata gida a nan Ingila.

Ba kowane mai kyamara ne ya iya ɗaki ba. Mai hoton biki gwani ne a fuska da motsin jama'a, wannan fanninsa daban. Wanda ya fi rikita mutane shi ne mai yi wa dillalan gidaje hoto, irin hotunan da kuke gani a Rightmove, shafin tallar gidaje na intanet, don shi ma ɗakuna yake ɗauka, ga arha. To amma shi fili yake tallatawa. Zai sa lensi mai kamo fili da faɗi, milimita 14 ko 16 (ƙaramar lamba ta fi kamo fili), ya maƙale a kusurwa, ɗan ƙaramin ɗaki ya koma kamar filin idi, teburin cin abinci ya miƙe kamar kwale-kwale, cikin awa ɗaya ya gama gidan duka. Kai kuwa aikin hannunka kake so a gani: yadin kujera, ɗinkin labule, yadda katako ya haɗu da marmara. Mai hoton kwalliyar ɗaki ya fi aiki da lensi daga milimita 24 zuwa 50, yana ja da baya, wani lokaci ma daga wajen ƙofa yake ɗauka.

In ya turo maka hotunansa, abu na farko da za ka duba shi ne bango. Ɗauki farar takarda ka jera gefenta da gefen ƙofa ko taga a cikin hoton. In ƙofar ta karkata, ko bangayen biyu suna matsowa juna ta sama kamar za su rufto, an ɗaga bakin kyamara sama ne don a kamo silin. Wanda ya san aiki yana girke kyamara a kan ƙafarta mai uku, ya daidaita ta sambal, in yana son ƙarin silin ko ƙasa sai ya yi amfani da lensin da ake kira tilt-shift, wanda gilashinsa ke zamewa sama ko ƙasa ba tare da kyamarar ta karkata ba. Canon na da shi a milimita 17 da 24. Ka tambaye shi ko yana da irinsa. Ana iya miƙe bango a kwamfuta, amma sai an yanke gefen hoton, a nan ake rasa ƙafar kujera ko rabin fitila. Tsayin kyamara ma ka lura da shi. A falo tsakanin ƙugu da ƙirji ake ajiye ta, wajen mita ɗaya da ɗan ɗori. A kicin ana ɗan ɗaga ta don a ga saman kanta, kada kuma ƙarƙashin kabad ɗin bango ya fito.

Sai launi, kuma a nan na fi so mu daɗe, don a nan ake ɓata wa mai kwalliya suna. Ku dubi ƙwan fitilar nan. A jikin kwalinsa an rubuta 2700K, lambar da ke nuna launin haske, wato haskensa na da ruwan ɗorawa. Hasken rana da ke shigowa ta taga yana wajen 5500, in akwai hadari ya haura 6500, ya koma shuɗi-shuɗi. Idon mutum yana sulhunta su biyun ba tare da ka sani ba. Kyamara ba ta iyawa, dole ta zaɓi ɗaya. In ta bi fitila, gefen taga ya yi shuɗi. In ta bi taga, gefen fitila ya yi kamar an shafa manja. Ka yi makonni kana zaɓen fenti, ka sayi Farrow & Ball da tsadarsa, sai hoto ya nuna launin da babu shi a gidan. Shi ya sa ƙwararru suke kashe fitilun ɗaki su yi aiki da hasken taga, su ƙara nasu hasken da suke harbawa a bango ko silin, sannan su ajiye kati mai ruwan toka a hoton farko don auna launi. In kana son fitilar da ka zaɓa ta fito a kunne, a ɗauke ta daban a haɗa daga baya. Abin da zai tona maka asirin mai hoto shi ne farin bango da farin zanen gado. In sun fito fari a hotunansa, ya iya.

Taga ma shaida ce. In ta ƙone fat ba a ganin komai a waje, ko kuma ɗakin ya yi dishi-dishi kamar an goga gawayi a gefen kowane kaya, haɗin hotunan bai yi ba, wato mai haske da mai duhu da ake ɗauka daban a haɗa su a kwamfuta. Kada ka yarda da zaɓaɓɓun hotuna goma na manyan gidaje. Ce ya nuna maka aikin gida ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, har da banɗaki. Ƙaramin banɗaki mai madubi, babu taga, nan ake gane gwani.

Yanzu lokaci. A Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu ta faɗi. A Yuni kuwa har bayan tara na dare akwai haske. Don haka aikin da zai ƙare a wuni ɗaya da bazara yana iya cin biyu da hunturu. Buɗe kamfas ɗin wayarka ka duba inda kowace taga ta fuskanta. Ɗakin da ke kallon gabas da safe za a yi shi, mai kallon yamma sai la'asar, mai kallon arewa haskensa ba ya sauyawa sosai, ana iya barinsa tsakiyar rana. Mai hoton da ya nemi ya zo ya ga gidan tun kafin ranar, ko ya ce ka turo masa bidiyon kowane ɗaki, ka riƙe shi. Kada kuma ka sa ran hoto hamsin. In ana aikin tsanaki, goma zuwa sha biyar a wuni ya isa, don kowanne sai an matsa kujera, an gyara matashi, an duba a babban allo. Ka ce ya jona kyamarar da kwamfuta yadda za ka ga kowane hoto nan take. A ɗan allon bayan kyamara ba za ka hango wayar caja da ta leƙo ta ƙarƙashin gado ba.

Shirya ɗakin aikinka ne, ba na mai hoton ba. A goge labule da zanen gado, a wanke gilashi ciki da waje, a ɓoye wayoyi, a tabbatar duk ƙwayayen fitila lambarsu ɗaya. A tanadi wurin fakin, don kayansa na da nauyi kuma titunan nan yawanci sai da izini. Turaren wuta a bar shi sai an gama, hayaƙinsa yana sa hoto ya yi hazo.

Kafin duk wannan, izinin masu gida, a rubuce, tun ranar da kuka ƙulla aikin kwalliyar. A gidajen mutanenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maigida na iya cewa to, alhali uwargida ba ta so ɗakin kwananta ya hau intanet, kuma tana da gaskiya. A tambaye ta da kanta, a gaya mata ko mai hoton namiji ne, a gaya masa zai cire takalmi. A sauke hotunan iyali, a kau da wasiƙu masu adireshi, kada lambar gida ko akwatin ƙararrawar ɓarayi su fito.

Ga inda ake yawan samun saɓani. Dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988 ta ce hoto na wanda ya ɗauke shi ne, sai in ma'aikacinka ne da kake biya albashi. Biyan kuɗin wuni bai mayar da hoton naka ba, lasisin amfani ka saya, kuma mallakar ba ta komawa hannunka sai da takarda da ya sa wa hannu. To a rubuta me lasisin ya ƙunsa: shafinka, Instagram, ƙasidar talla, gasa, mujalla, har tsawon shekara nawa. Kamfanin da ya haɗa kicin ko kafintan da ya yi kabad za su roƙe ka hoton. Ba ka da ikon ba su. Dabara ita ce ku haɗu tun farko, mai hoton ya ƙara wani abu kan kowane mai lasisi, ku raba kuɗin, kowa ya samu sauƙi.

A takardar farashi ka duba ko gyaran hoto na ciki, sau nawa za ka iya cewa a sake, ko akwai harajin VAT na kashi 20 a kai, nawa ne kafin alƙalami, kuma me zai biyo baya in magina suka makara aka ɗaga ranar. Ka nemi ganin takardar inshorarsa, don ƙafar fitila na iya karce sabon katako ko ta fasa gilashi, kuma gidan ba naka ba ne.

Wajen karɓar aiki ka nemi kashi biyu: manyan fayilolin hoto irin TIFF don bugawa, ƙanana irin JPEG don intanet. Cikakken shafin A4 yana buƙatar ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsaye. Ka ce a yi wasu a tsaye, don shafin mujalla da allon waya duk a tsaye suke. Ɗanyen fayil, wato RAW, galibi ba sa bayarwa, kada ku ɓata a kansa. In kuma kana fatan mujalla ta buga aikin, riƙe hotunan kada ka sa su a Instagram tukuna, don yawancin editoci wanda ba a taɓa gani ba suke nema.

Ku biyo ni kicin yanzu, rana ta fara juyowa ta wancan gefen, in nuna muku yadda ƙyallin marmara ke ɗauko hoton taga, da yadda gilashin tace ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin lensi yake rage shi.