Yadda C ke kiran Fortran, da wuraren da ake tuntuɓe

Jama'a barkanmu da warhaka. In kana amfani da NumPy ko SciPy, kayan lissafi na yaren Python, wajen lissafin matiris, wato teburin lambobi, to ka sani ba Python ce ke ɗaukar nauyin ba, can ƙasa akwai LAPACK, tarin ayyukan lissafin matiris da aka rubuta da Fortran, yaren da IBM ta fitar tun 1957. Python ta miƙa wa C, C ta miƙa wa Fortran, kuma wajen miƙawar nan ne rigima take.

Fara da suna. Ka rubuta dgesv, sunan ɗaya daga cikin ayyukan LAPACK, a Fortran, gfortran, manhajar da ke fassara Fortran zuwa yaren na'ura, zai mayar da shi dgesv_ da ɗan layi a ƙarshe, in ka manta layin a C za a ce maka babu shi. Wannan mai sauƙi ne, tunda tun kafin firogiram ya tashi ka gani.

To yanzu sai miƙa lamba. C in za ta ba da lamba 5, ita lambar take miƙawa. Shi Fortran ba ya karɓar kaya a hannu, kwatancen gidan da kayan suke yake so, wato adireshinsu a memori. Ka ba shi 5 kai tsaye sai ya ɗauka adireshi ne, ya je neman abu a wurin da ba nasa ba, firogiram ya faɗi. Shi ya sa a C ake rubuta &n, wato adireshin n, maimakon n.

Wanda ya fi damuna shi ne jerin teburi. C tana jera lambobi layi bayan layi, Fortran kuma daga sama zuwa ƙasa yake bi, ginshiƙi bayan ginshiƙi, to in ka miƙa matiris haka nan ba ka juya ba, babu faɗuwa babu gargaɗi, amsa za ta fito tsaf amma ta wani lissafi ce daban, wallahi mutum zai iya kai ta har cikin rahoto bai sani ba.

Ga kuma rubutu. C tana rufe shi da sifili, gfortran kuwa ɓoyayyar lamba yake jira a ƙarshen kiran, mai nuna tsawonsa. Mutane sun daɗe suna tsallake ta, sai a 2019 sabon gfortran ya sa hakan ya fara kayar da kiran LAPACK a R, yaren ƙididdiga.

In kai ke rubuta ɓangaren Fortran ɗin, tun Fortran 2003 akwai iso_c_binding, kayan haɗa Fortran da C. Sa bind(c) sunan ya tsaya yadda C ke nemansa, sa value a kan lambar da kake so a miƙa kai tsaye. Juya teburi dai har yanzu aikinka ne, don haka fara gwadawa da ƙaramin matiris da ka san amsarsa da hannu.