Laccar Yoshi: yadda dokin Mario ya koma dainoso

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da yamma, na baya kuna ji na ko? To madalla. Yau kan Yoshi za mu yi magana, wannan koren halittar mai ƙaton hanci da jan takalmi-takalmi da Mario ke hawa, wanda duk ya taɓa riƙe hannun gem ya san shi ko da bai san sunansa ba. Abin da nake so ku fita da shi daga ɗakin nan shi ne, Yoshi fa asalinsa doki ne, daga baya aka sa masa jikin dainoso, wato manyan dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare a duniya.

Bari mu koma Japan, birnin Kyoto, kamfanin Nintendo. A 1985 suka fitar da Super Mario Bros. a injin Famicom, irin gem mai kaset ɗin nan da ake haɗawa da talabijin. Tun lokacin Shigeru Miyamoto, mutumin da ya ƙirƙiro Mario, yake son ya ga Mario a bayan wata dabba yana sukuwa, amma aka ce masa injin ba zai ɗauka ba. Dalili kuwa, Famicom duk abin da ke motsi a allo da ƙananan gutsattsarin hoto yake haɗa shi, gutsure 64 kawai yake iya riƙewa, a layi ɗaya kuma bai wuce 8 ba, kowane gutsure kala 3. To ka ɗora Mario a kan dabba ga abokan gaba suna tahowa ga ƙwallon wuta, sai hoto ya fara ƙyaftawa wani abu ya ɓace wani ya dawo. Ni dai a ganina wannan ba shi ne duka labarin ba, don a 1991 kamfanin Hudson ya fitar da Adventure Island II a wannan injin dai, kuma a ciki ana hawa dainoso lafiya lau. Sai dai a ce irin dabbar da Miyamoto ke so, mai gudu mai haɗiye abu mai tsere maka, ita ce ta fi ƙarfin injin.

Da sabon inji ya zo, Super Famicom, ranar 21 ga Nuwamba 1990, tare da Super Mario World, gutsattsarin nan sun koma 128, kala 15 kowanne, sai hanya ta buɗe. Takashi Tezuka shi ne daraktan gem ɗin, ya ba wani mai zane Shigefumi Hino aikin. Kuma tunda an riga an tsayar cewa labarin a ƙasar dainoso zai faru, ba za a kawo doki na gaske ba. Hino da aka ce masa abin hawa, sai ya zana wani ƙaton abu mai kama da ƙadangare, baki dogo kamar na kada. Duk wannan su biyun ne suka faɗa da bakinsu a hirar da Nintendo ta wallafa a 2017. Tezuka ya duba ya ga wannan ba zai zauna kusa da Mario ba, sai ya ɗan zana wani mai kumatu mai taushin fuska, Hino ya gyara shi ya zama wanda muka sani.

Wani abin dariya, zanen farkon nan da aka ƙi shi ya fi kusa da dainoso na gaskiya. A nan Nijar, a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere, ayarin Paul Sereno, wani masanin ƙasusuwan dabbobin da, ya tono ƙasusuwan Suchomimus a 1997, dainoso mai tafiya da ƙafa biyu, bakinsa sak na kada. Wato dai ainihin abin aka gani aka ce a'a, a kawo mai kyau.

Yanzu ku kalli jikinsa a hoton nan, mu bi shi gaɓa-gaɓa. Jan abin da ke bayansa kowa sirdi yake ce masa, kuma aikin sirdi yake yi, amma Tezuka ya ce shi a ransa Yoshi dangin kunkuru ne, ƙoƙon baya ne wannan, irin na Koopa, kunkurun nan abokan gaba da Mario ke takawa. Takalmin kuma ba ado ba ne kawai, in kana kansa za ka taka wasu abubuwa masu ƙaya da in Mario ne shi kaɗai sun gama da shi. Sai harshe, wanda nan ne zancen dainoso ya watse gaba ɗaya, don wannan harshe mai fita fit ya cafko abu daga nesa na hawainiya ne da kwaɗo, babu wata shaida cewa dainoso ya taɓa yin irinsa. An sa shi ne saboda mai wasa yana buƙatar makami da zai kai gaba ba sai ya yi tsalle ba. In ya riƙe jan ƙoƙon Koopa a baki ya tofo wuta, shuɗi ya fito da fiffike ya tashi sama, rawaya in ya dira ƙasa ta girgiza, in kuma ka yi jinkiri ya haɗiye abinsa ka rasa. Ƙwai ne kawai za a ce an ɗauko daga dainoso na gaskiya, don su ma ƙwai suke yi, kuma ko shi Nintendo ta riga ta yi wani koren dodo mai fitowa daga ƙwai, Tamagon, a gem ɗin Devil World tun 1984.

Halinsa ma na doki ne. In abokin gaba ya taɓa ku, ba mutuwa za ka yi ba, Yoshi ne zai zabura ya zubar da kai ya ruga a guje, kai kuma ka bi shi kana ƙoƙarin sake ɗarewa kafin ya faɗa rami. Gidan fatalwa ko fada kuwa ba ya shiga, a bakin ƙofa zai tsaya kamar dokin da aka ɗaure a turke. Kuma da zarar ka hau, mai kiɗan gem ɗin Koji Kondo ya sa ganguna su shigo cikin waƙar, ka sauka su yi shiru, mutane da yawa sun shekara suna bugawa ba su lura ba, ku je ku saurara.

Ga wata kuma da aka daɗe ana musu a kai, wai idan Yoshi zai fito da harshe, Mario nuni yake yi da hannu ko dukansa yake? Hino ya amsa a hirar nan ta 2017, ya ce a farko dai ƙeya Mario ke kai wa naushi, Yoshi ya firgita harshe ya fito, da aka fara cewa abin tausayi ne sai aka mayar da shi nuni, wato je ka. Ban da haka akwai mu masu wasa da muke dirowa daga bayansa a tsakiyar tsalle mu tsira shi ya tafi rami, wallahi wannan dabba ta ga rayuwa.

A fim ɗin Super Mario Bros. na 1993 Amurkawa sun gwada mayar da shi dainoso na sosai, fata mai kaushi, haƙora, faratai, kuma Nintendo ba ta bi wannan siffa ba a wasanninta. A gem ɗinsa na 1995, Yoshi's Island, ƙara masa taushi ma ta yi, komai kamar an zana da kalar yara, Mario jariri ne a goye a bayansa.

Na ga hannu a can, Malama bismillah. Tambayarta ita ce namiji ne ko mace, tunda yana ƙwai. To Nintendo dai yawanci da namiji take kiransa, kuma ƙwan da yake yi a Yoshi's Island ba na haihuwa ba ne, abin da ya haɗiye ne yake fitowa ƙwai ya biyo shi a baya har guda 6, ya riƙa jifa da su. Sai tambaya ta gaba, ɗan uwa mai farar hula.