Abin da Mai Zane Yake Gani a Idon Dabba

Assalamu alaikum. Malamaina da iyayena da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai, na gode da wannan dama.

Zan fara daga Nijar. A arewacin Agadas, a wani wuri da ake kira Dabous, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tun Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Babban ya haura mita 5, kuma sai a 1987 masana suka fara rubuta labarinsu. Daga bakin kowane raƙumi an ja layi har ƙasa, ya sauka a kan wani ɗan mitsitsin mutum. Ku lura da kyau: wanda ya yi aikin ya bi dabbar zane-zane, tabo bayan tabo, amma da ya zo kan ɗan Adam sai ya ƙanƙantar da shi. Ni a nan nake ganin zuciyarsa. Akwai girmamawa, akwai tsoro, akwai kuma son ya ce shi da wannan halitta a haɗe suke.

Mu ma muna da namu. A duwatsun Birnin Kudu, wadda take cikin jihar Kano kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, akwai tsofaffin zanen shanu. Wanda ya zana su ya yi kiwo, ya san tafiyar saniya.

To, ku tsaya a bakin titin Zariya ku dubi bayan manyan motoci. Zaki ne, mikiya ce, wani lokaci zaki ya danne barewa. Direban da zai kwana yana tuƙi zuwa Legas, shi kaɗai cikin duhu, me ya sa ya biya kuɗi a zana masa manyan dawa? Jarumtar da yake roƙo wa kansa ce ya sa a rubuta masa da fenti. Wasu na raina wannan aiki, ni kam ba na raina shi.

Na san tambayar da ke ran wasunku: shin zana mai rai ya halatta? Malamanmu sun yi magana a kan surar mai rai, kuma a mazhabar Malikiyya an bambanta mai inuwa, kamar mutum-mutumi, da marar inuwa, kamar zane a takarda ko bango. Wannan fagen nasu ne, ku je gare su da ladabi ku tambaya.

Damuwata ita ce yawancin zanen da ɗalibai ke kawo mini daga waya aka kwafo shi. Layi ya fita, launi ya yi, amma ido a mace. Ba a zauna an kalli dabbar ba. Kuma dabbobin suna ƙarewa muna ji muna gani. Raƙuman dawan Kouré, kusa da Yamai, sun ragu zuwa ƙasa da 50 a 1996, sai da aka tashi tsaye wajen kare su suka farfaɗo. A nan Kano, iyayena, ku shaida ne: da, ungulu cika mahauta take yi. Yau yaro zai girma bai taɓa ganinta ba, sai dai ya ji ana cewa ta koma gidanta na tsamiya. Wallahi wannan yana ci mini rai, domin tsuntsuwar da muka yi ta ƙyama ita ce take kwashe mana mushe.

Saboda haka, ɗalibai, kafin zama na gaba kowa ya ɗauki takarda da fensir ya tafi Gidan Zu na Audu Bako. Ku zaɓi dabba guda, ku zauna awa ɗaya kafin ku ja layin farko. Wanda ba shi da kuɗin mota, akwai balbela a bayan gari, akwai ƙadangare a katangar gidanku, shamuwa ma tana tafe da damina.