Kuɗin Da Ba A Lissafawa A Aikin Ido

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune ta baya, ina gaishe ku.

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, kimanin kashi 4 cikin ɗari makafi ne, kuma yanar ido ce ta fi kowace cuta makantar da su. Yanar ido kuwa aikinta ba ya cin awa guda. To, me ya sa har yau a ƙauyukanmu na Gumel da Ringim da Hadeja ake samun dattijo zaune a zaure shekara da shekaru ba ya gani, alhali ana yawan shelar aikin ido kyauta?

Dalilin shi ne, idan an zauna lissafi, magani da kayan aiki da hakkin likita kawai ake sakawa. Ba a saka kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuma makaho kuɗin kujera biyu yake biya, tasa da ta ɗan jagora. Ɗan jagoran nan kuwa galibi jika ne da aka cire daga makaranta, ko ɗa da ya bar gona a tsakiyar damina. Bayan an yi aikin sai an dawo a duba, wani lokaci sau biyu ko uku. Wanda ya rasa wannan kuɗin, idan mai maganin gargajiya da ke tura yanar ido da tsinke ya zo har ƙofar gidansa, sai ya miƙa masa ido, sau da yawa kuma idon ke nan ya tafi.

Wata rana a wajen aikinmu na duba ido aka kawo mana wata baiwar Allah, kurma ce, ga yana a ido biyu. Gwajin gani tambaya ne da amsa: a nuna wa mutum harafin E, a ce, ina ƙafafun wannan harafi suka fuskanta? Muka rasa yadda za mu tambaye ta, har sai da ƙanwarta ta kama tafin hannunta tana zana mata da yatsa. Abin da ke ɗaukar minti biyar ya cinye mana rabin awa, layi kuma yana ta gunaguni. Wannan rabin awar kuɗi ne, domin lokacin ma'aikaci ne, kuma ban taɓa ganin an ware masa layi a kasafi ba. Haka gurgun da ya zo a kan kekensa ya tarar da matakala uku a bakin ƙofa, sai da ƙarti biyu suka cicciɓe shi a gaban jama'a, abin da har yau idan na tuna yake ci mini rai.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika. Gangaren siminti da ƙofa mai faɗi kuɗinsu na sau ɗaya ne, kuma sun fi araha idan an sa su tun a zanen gini. Mai nauyin shi ne wanda ke dawowa kowane wata: mai fassara wa kurame, man motar da za ta shiga rugage, da ma'aikaciya mace da za ta shiga gida ta duba matan kulle, waɗanda amosanin ido ya fi addaba har gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar.

Don haka roƙona ga masu shirya gangamin aikin ido a wannan gunduma, ranka ya daɗe, shi ne a nemi masu unguwanni da sarkin makafi su kawo sunaye tun kafin ranar, sannan a rubuta kuɗin ɗauko mutum da mayar da shi gida a takarda ɗaya da kuɗin magani.