Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ziyarar da Ya Kawo Unguwannin Cikin Birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma Minista, masu girma hakimai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu maza da mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

A madadin dattawa da magina da matasan unguwannin cikin birni, muna yi wa babban baƙonmu barka da zuwa, sannu da hanya. Ranka ya daɗe, kishinku ga al'adun ƙasar nan sananne ne, ba sai mun tsaya nanata shi ba, kuma barin ofis da kuka yi kuka tako lungunanmu da ƙafa ya ishe mu shaida. Saboda haka za mu fara da abin da ya fi damunmu: ganuwar Kano tana zubewa, damina kuma ta ƙarato. Roƙonmu shi ne a fara gyaran gaggawa a kan abin da ya rage na badala kafin ruwan bana ya sauka.

Wannan ganuwa ba jiya aka aza ta ba. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ta domin kare mutanen da ke zaune a gindin Dala. A zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, malaman Wangarawa suka iso daga Mali da littattafansu, kuma har yau unguwar Madabo tana tinƙaho da wannan gado na ilimi. Da Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarauta a 1463, sai ya faɗaɗa ganuwar, ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili, wanda ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a. Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, na wancan zamani ne, haka ma marinar Ƙofar Mata da har yanzu ake rini da baba a cikinta. Fatake Larabawa daga Gadamus da Tarabulus sun zauna tare da kakanninmu, sun bar mana sunan unguwar Dandalin Turawa, domin a da Larabawa ake kira Turawa. Ko Turawan mulkin mallaka da suka ci birnin a 1903 sun rubuta irin mamakin da girman wannan ganuwa ya ba su.

Abin da ya fi ba mu alfahari shi ne, duk wannan aiki da ƙasarmu da hannunmu aka yi shi. Magina sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali, su bar shi ya sha rana, sannan su ɗora gini. Da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, suke ɗaure rufi da salon da ake kira bakan gizo da ɗaurin guga, har a sami soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa take fitowa, laso kuwa daga katsin marina, su ne ke hana ruwa cin bango, indararo yana zubar da ruwan rufi nesa da tushe, zankwaye kuma suna ƙawata saman gida. Wanda ya taɓa zama a zauren ƙasa a tsakiyar bazara ya san sanyin da siminti da kwano ba za su ba shi ba. Wannan ilimi yana kan dattawa 'yan kaɗan, 'ya'yansu da yawa sun koma ɗora bulo, domin a nan abinci yake.

Ranka ya daɗe, a nan kukanmu yake. Gini na ƙasa yaɓe yake so duk shekara, kuma a da aikin gayya ne, kowace unguwa da nata sashen. Da aka daina, sai ruwa ya shiga. Wasu suka riƙa haƙar jikin ganuwar suna ɗibar ƙasa, wasu suka yanka filaye a kanta suka gina shaguna, wasu wuraren kuma suka zama juji. Ƙofofi da dama an rushe su domin faɗaɗa titi, aka mayar da su da siminti, sunan yana nan amma hannun maginan farko ya tafi. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi gini a kai, shi ya sa yanzu ruwa ba ya samun wurin zuwa sai gidajen talakawa, tsofaffin soraye suna faɗuwa a kan masu su. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma yaya za a amince da abin da kullum raguwa yake yi?

Muna da sauran buƙatu. Muna so a shata iyakar badala a fili yadda kowa zai gani, a hukunta mai cin ta komai girmansa, a kuma ɗauki tsofaffin magina su koyar da matasa a kan albashi, a rubuta tarihin kowace unguwa daga bakin dattawanta tun suna raye. Waɗannan za su iya jiran kasafin baɗi. Gyaran ganuwa kam ba zai jira ba, domin sashen da ya tsage bana, in ruwan Agusta ya same shi haka, baɗi tudu kawai za a tarar.

Ba mu zo hannu rabbana ba. Magina suna nan, matasa sun yi alkawarin fitowa gayya, masu unguwanni sun ɗauki nauyin tsaro. Kuɗin kayan aiki da umarni a rubuce su ne suka fi ƙarfinmu, su ne kuma suke hannunku. Muna roƙo, ranka ya daɗe, kafin ku bar Kano ku sanya mana ranar da za a fara.

Allah Ya ƙara girma, Ya mayar da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.